Ƙasar da Aka Kulle Shekara 46: Tarihin Yaran Albaniya da Hijirarsu

Kafin a rufe ƙofa, 1443 zuwa 1939

Albaniya 'yar ƙaramar ƙasa ce a kudu maso gabashin Turai. Duwatsu sun tokare ta ta baya, teku ya shimfiɗu a gabanta, Girka na kudu da ita, Italiya kuma na tsallaken ruwa. A inda tekun ya fi tsukewa, tsakaninta da Italiya kimanin kilomita 72 ne kacal.

Wata babbar hijira da tarihi ya adana ta biyo bayan yaƙin Iskandar Bey. Ɗan wani basarake ne da Daular Usmaniyya ta karɓa a matsayin garkuwa tun yana saurayi, ta horar da shi yaƙi, ta ba shi muƙami. A 1443 ya juya wa daular baya, ya koma gida ya kama garin Kruya, ya shafe shekara 25 yana fafatawa da rundunonin Santambul har ya rasu a 1468. Ana cewa wai wani dare da aka yi masa ƙawanya, sai ya sa aka ɗaura wa awaki wuta a ƙaho aka kora su kan dutse, abokan gaba suka zaci runduna ce ta taso musu, suka watse. Wannan zancen kaka da kakanni ne, masana ba su ɗauke shi a matsayin abin da ya tabbata ba. Abin da ya tabbata shi ne bayan mutuwarsa iyalai da yawa sun tsallaka kudancin Italiya, kuma har gobe jikokinsu na nan a ƙauyukan Kalabriya da Sisili suna magana da tsohon harshen Albaniya.

Waɗanda suka zauna sun yi fiye da shekara 400 ƙarƙashin Usmaniyya, akasarinsu suka musulunta. Daga cikinsu aka samu manyan wazirai a Santambul, kuma Muhammad Ali Pasha da ya kafa gidan sarauta a Masar jinin Albaniya ne. Talakawansu ma matafiya ne. Magidanci kan bar iyali ya tafi ci-rani Santambul ko Masar ko Romaniya, daga baya har Boston ta Amurka, ya yi shekaru yana aiko da kuɗi. Wannan al'ada suna kiranta kurbet. Ke nan mutanen da za a zo a kulle daga baya sun saba da hanya tun fil azal.

An ayyana 'yancin kai a garin Vlora ranar 28 ga Nuwamba 1912. Ahmet Zogu ya zama shugaba a 1925, ya naɗa kansa sarki a 1928, ya jingina ƙasar da bashin Italiya, har ranar 7 ga Afrilu 1939 da sojojin Musolini suka shigo, shi kuma ya tsere. A lokacin, kusan kashi 70 cikin ɗari na jama'a Musulmi ne, kashi 20 Kiristocin Otodoks, kashi 10 Katolika. Mafi yawansu ba su iya karatu da rubutu ba.

Hoja ya hau, 1941 zuwa 1967

A ƙarƙashin mamaya aka kafa jam'iyyar kwaminis, ranar 8 ga Nuwamba 1941, da taimakon 'yan gurguzun Yugoslabiya. Wanda ya fito ya zama jagoranta shi ne Enver Hoja, haifaffen Jirokastra a 1908, ɗan gidan Musulmi, wanda ya je karatu Faransa bai gama ba, ya dawo yana koyar da Faransanci. Mayaƙansa suka karɓi ƙasar a Nuwamban 1944 da Jamusawa suka janye.

Mulkin Hoja tarihin ɓatawa da abokai ne ɗaya bayan ɗaya. Ya raba gari da Yugoslabiya a 1948, da Tarayyar Sobiyet a 1961 saboda shugabanta Kurushof ya soki Stalin, sannan da ƙasar Sin a 1978. Duk lokacin da aka yi irin wannan rabuwa, sai an bi ta kan wasu manyan jam'iyya da sunan 'yan leƙen asirin tsohuwar abokiyar, kuma sai an ƙara ɗaure iyaka. Fita daga ƙasa ba izini ya zama cin amanar ƙasa, hukuncinsa ɗaurin aƙalla shekara goma ko kisa. Aka ja waya a kan iyaka, aka ba masu gadi umarnin harbi. Daga garin Saranda ana hango tsibirin Korfu na Girka da ido, kuma akwai samarin da suka yi ƙoƙarin kai wa can da iyo. Wasu sun kai, wasu harsashi ya riske su a ruwa.

Gaskiya ɗaya ce, gwamnatin ta yi ayyukan da ba a taɓa yi a ƙasar ba. Ta yaƙi jahilci har karatu ya game gari da ƙauye, ta buɗe jami'ar farko a Tirana a 1957, ta busar da fadamun sauro, ta kai lantarki ƙauyuka kaf a 1970, ta sa 'ya'ya mata a makaranta, ta danne al'adar ramuwar jini da ke cinye mazan arewacin ƙasar. Yawan jama'a ya tashi daga miliyan ɗaya da 'yan kai a 1945 zuwa kusan miliyan 3.2 a 1989. Wanda bai san wannan ba ba zai gane dalilin da ya sa yara da dama suka taso suna ƙaunar Hoja da zuciya ɗaya ba, har suna kiransa Kawu Enver.

Sai 1967. A watan Fabrairu Hoja ya yi jawabin da ya saki matasa a kan wuraren ibada, kuma kafin shekarar ta fita an rufe masallatai da majami'u da zawiyoyi 2,169. Wasu aka rushe su, wasu aka mai da su rumbun ajiya ko gidan silima. Babbar majami'ar Shkodra ta koma zauren wasanni. Kundin tsarin mulki na 1976 ya rubuta ƙarara cewa ƙasa ba ta yarda da kowane addini ba. An ɗaure limamai da malamai, an harbe wani fada mai suna Shtjefen Kurti a 1971 bisa zargin ya yi wa yaro baftisma. Hafiz Sabri Koci, malamin Shkodra, ya yi shekara 20 a kurkuku.

Yadda yaro ya taso, 1967 zuwa 1985

A nan ne ya kamata mu daɗe, domin waɗanda aka haifa a wannan tsakani su ne za su cika jiragen ruwa a 1991.

Tun daga suna aka fara. Hukuma ta hana sunayen addini, ta fitar da jerin waɗanda ta amince da su, akasari na tsoffin ƙabilun Iliriya da ake ɗauka kakannin Albaniyawa ne. Jikan Alhaji ko jikan fada sai ya tashi da suna Ilir ko Agron ko Teuta. Wasu iyayen, don nuna biyayya, suka sa wa 'ya'yansu Marenglen, wato an gutsuro farkon sunayen Marks da Engels da Lenin an haɗa. Yaro na shiga firamare za a ɗaura masa jan ƙyalle a wuya, ya zama ɗan ƙungiyar yaran jam'iyya. Idan ya girma kaɗan, a koya masa harhaɗa bindiga, a kai shi aikin gayya na shimfiɗa layin dogo ko sassaƙa gonaki a jikin dutse. Duk inda ya waiga, a gona ko a bakin teku ko a bayan makaranta, zai ga 'yan ɗakunan kankare masu kan tukunya da aka gina don jiran abokan gaba. Takardun gwamnati sun nuna an gina fiye da 170,000, ko da yake a baki ana faɗin adadin da ya ninka haka. Abokan gaban ba su taɓa zuwa ba, amma simintin da ƙarfen da aka zuba sun isa gina gidaje masu yawa a ƙasar da iyali guda ke cunkushe a ɗaki biyu.

Abin da ya fi komai yanke wa yaro makoma shi ne abin da suke kira biyografi, wato tarihin gidansu kamar yadda yake a fayil ɗin jam'iyya. In kakanka mai gonaki ne a da, ko kawunka ya tsere waje, ko babanka ya taɓa yin suɓul-da-baka a layin burodi, to fayil ɗinka ya ɓaci tun kafin a haife ka. Kwamitin jam'iyya ne ke raba gurbin jami'a, kuma mai ɓataccen fayil ko ya fi kowa ƙoƙari a aji, gona ko ma'adinai ce makomarsa. Har aure sai an bincika, domin auren 'yar irin wannan gida na iya shafa wa ango baƙin jini. In laifin ya yi girma, a kai uban kurkukun Spach ya haƙa tagulla, a kwashi matar da 'ya'yan a mota a jibge su a wani ƙauye na tsare mutane, inda za su riƙa zuwa sa hannu kullum. Akwai waɗanda aka haifa a irin waɗannan ƙauyuka suka girma har suka yi aure a ciki.

'Yan sandan ciki, Sigurimi, sun dasa masu kai rahoto a ma'aikata da unguwa, wani lokacin har a cikin dangi. Hanyar da ta fi sauƙi ta sanin sirrin gida kuwa ita ce bakin yaro. Da azumi akan raba abinci a makarantu da masana'antu don a ga wanda zai ƙi ci. Malami na iya tambayar ɗalibi cikin wasa ko kakarsa na tashi cin abinci da asuba. Saboda haka iyaye suka koyi ɓoye wa 'ya'yan cikinsu gaskiya. Tsohuwa ta yi sallarta a ɗaki a kulle, ta ce ciwon ciki ne ya hana ta cin abincin rana. A ganina wannan ita ce ɓarna mafi zurfi da mulkin ya yi, ta fi talauci, domin ta shiga tsakanin uwa da ɗanta.

Lea Ypi, wadda aka haifa a 1979 ta taso a Durres, ta ba da labarin irin wannan yarinta a littafinta da ya fito a 2021. Tana jin manya a gida suna hirar wane ya tafi jami'a, wane ya gama karatu, wane an kore shi, tana ɗauka dangin nasu masu son ilimi ne. Sai a Disamban 1990, tana 'yar shekara 11, aka gaya mata cewa jami'a kurkuku ake nufi, gama karatu kuma sallama. A aji an koya mata tsanar wani tsohon firaminista mai suna Jafer Ypi a matsayin maci amana, a gida kuma aka ce mata suna ne kawai ya zo ɗaya. Ashe kakan babanta ne.

Yunwa da talabijin, 1978 zuwa 1990

Da tallafin Sin ya yanke a 1978, tsarin mulki kuma ya haramta cin bashin waje, sai tattalin arziki ya fara durƙushewa. A 1981 aka umarci manoma su miƙa 'yan dabbobin da suka rage musu ga garken gwamnati. Da yawa suka gwammace su yanka su cinye, madara da nama suka yi ɓatan dabo. Mata kan fita tun kafin asuba su kama layin madara, wata ta ajiye dutse ko jaka ya riƙe mata wuri. Mallakar mota haram ce ga talaka. Shugabanni kuwa suna wata unguwa a tsakiyar Tirana da ake kira Blloku, sojoji na gadi, da shagunansu na daban.

Tagar da aka kasa toshewa ita ce talabijin. Mazauna gaɓar teku na iya kamo tashoshin Italiya da 'yar dabara a jikin eriya, su rufe labule, su rage murya. Hukuma ta san haɗarin. Bayan bikin waƙa na ƙasa na Disamban 1972, wanda aka ce ya yi kama da na Turawan yamma, an ɗaure shugaban gidan rediyo da talabijin, Todi Lubonja, an kuma ɗaure mawaƙi Sherif Merdani. Duk da haka yara suka ci gaba da kallo, suka iya Italiyanci ba malami. Sai dai Italiyar da suka sani ta talla ce da wasannin rabon kyauta, inda kowa ke da mota, kyanwa ma da abincinta na gwangwani. Gwangwanin Coca-Cola da babu komai a ciki ya zama kayan ado da ake ɗorawa a kan talabijin a falo.

Hoja ya mutu ranar 11 ga Afrilu 1985, Ramiz Aliya ya gaje shi. A Disamban shekarar wasu 'yan gida ɗaya su shida suka faɗa ofishin jakadancin Italiya a Tirana neman mafaka, suka zauna a ciki har Mayun 1990 kafin a bar su su fita. A 1988 ma an rataye mawaƙi Havzi Nela a garin Kukes a bainar jama'a.

Ƙofa ta ɓalle, 1990 zuwa 1991

Bayan faɗuwar katangar Berlin da kashe Chaushesku na Romaniya a ƙarshen 1989, tsoro ya fara sauya gida. Ranar 2 ga Yuli 1990 matasa suka soma haura katangun ofisoshin jakadanci, cikin 'yan kwanaki kusan mutum 5,000 suka cika harabobinsu, fiye da 3,000 a na Jamus ta Yamma kaɗai. Aka kwashe su ta jiragen ruwa zuwa Birindisi. A Oktoba babban marubucin ƙasar, Ismail Kadare, ya nemi mafaka a Faransa. A Nuwamba aka yi ibadar Katolika a fili a Shkodra, bayan kwana 12 Hafiz Sabri Koci ya ja sallar Juma'a a wani tsohon masallaci na garin. Ɗalibai suka fito a Disamba, aka halatta jam'iyyun adawa, kuma ranar 20 ga Fabrairu 1991 jama'a suka tuge gunkin Hoja a tsakiyar Tirana.

A wannan hunturu dubbai suka keta duwatsu da ƙafa cikin ƙanƙara zuwa Girka. A farkon Maris kimanin mutum 25,000 suka isa Birindisi da garuruwan kusa da ita a cikin kowane irin jirgi da ya samu. Gwamnatin Italiya ba ta shirya ba, mutanen gari ne suka fito da burodi da barguna, aka buɗe makarantu, wasu iyalai suka ɗauki baƙi zuwa gidajensu. Aka ba waɗanda suka zo 'yan watanni su nemi aiki da masauki.

Wata biyar bayan haka labari ya sha bamban. Ranar 7 ga Agusta wani jirgin dakon kaya mai suna Vlora, wanda ya dawo daga Kyuba da lodin sukari, yana tsaye a tashar Durres ana gyaran injinsa. Jita-jita ta bazu cewa an buɗe tasha. Mutane suka baro aiki, suka baro bakin ruwa da gajeren wando da silifa, suka riƙa hawa ta igiya, har kusan mutum 20,000 suka lulluɓe jirgin tun daga ƙasa har kan turakunsa. Suka tilasta wa matuƙin, Halim Milaki, ya nufi Italiya. Ba ruwan sha, ba abinci, ga zafin Agusta. Birindisi ta ƙi karɓarsu, washegari suka shiga Bari, aka tsayar da su a wurin sauke gawayi, can nesa da gari. Wasu tun kafin jirgin ya tsaya suka riƙa tsalle cikin ruwa suna ihun sunan Italiya.

Gwamnati a Roma ta riga ta yanke cewa waɗannan ba 'yan gudun hijirar siyasa ba ne, tunda an yi zaɓe a Albaniya a watan Maris. Aka kwashi dubbai aka kulle a tsohon filin ƙwallon garin, ba inuwa, ba makewayi, ana jefa musu burodi da ruwa daga sama. Magajin garin Bari, Enriko Dalfino, ya nuna rashin yardarsa da wannan wulaƙanci, shugaban ƙasa Kosiga ya ci masa mutunci a bainar jama'a. Cikin kwanaki aka mayar da fiye da mutum 17,000, wasu an sallame su da 'yan kuɗi da sababbin tufafi, waɗanda suka turje kuma aka yaudare su da cewa wani garin Italiya za a kai su, sai ga su a Tirana. Cikin waɗanda aka mayar akwai wani saurayi ɗan makarantar rawa, Kledi Kadiu, wanda daga baya ya koma ta halastacciyar hanya ya zama tauraro a talabijin ɗin Italiya.

Zaman baƙunci, 1991 zuwa 1997

Mayar da su bai tsayar da kowa ba. Hanya ta koma ta dare: kwale-kwalen roba masu gudu daga Vlora, ko sawun awaki a duwatsun Girka. Wanda ya tsallaka kuma sai ya tarar da duniyar da ba a shirya shi dominta ba. Mutum ne da ya yi karatu, ya san lissafi da adabi, amma bai taɓa neman aiki ba, domin gwamnati ce ke tura kowa inda ta ga dama. Bai taɓa cinikin kuɗin haya da mai gida ba, bai taɓa buɗe asusun banki ba, bai taɓa riƙe sitiyari ba. Takardun karatunsa ba wanda ya san da su. Injiniyoyi suka koma leburan gini, malaman makaranta suka koma tsinkar zaitun da lemo, mata masu digiri suka koma sharar gidaje da jinyar tsofaffi. 'Ya'ya da yawa aka bar su a hannun kakanni, shekaru ba a ga juna ba, domin marar takarda in ya fita ba lallai ya iya komowa ba.

A Girka 'yan sanda kan yi samamen da suke kira shara, a tattara duk wanda aka kama a zuba a mota a kai iyaka, wani lokacin ana gobe biyan albashi. A Girka da Italiya jaridu da talabijin suka mai da kalmar Albaniya tamkar wani suna na ɓarawo. Ba a musun cewa akwai gungun miyagu a cikinsu masu safarar ƙwaya da 'yan mata, kuma 'yan'uwansu Albaniyawa ne suka fi shan wuyarsu. Amma laifin 'yan tsiraru aka shafa wa kowa. Mutumin da ya gudo daga ƙasar da ake hukunta shi da fayil ɗin kakansa, sai ya tarar ana hukunta shi da fasfonsa.

Abin da ya yi kuwa shi ne abin da aka horar da shi a kai tun yana yaro: fuska ɗaya a gida, wata a waje. A Girka dubbai suka sauya suna, mai aiki ya ce ba zai iya kiran sunanka ba, daga yau kai ne Yanis ko Kostas. Da yawa suka karɓi baftisma, mai gidan da suke wa aiki ya zama ubangidan baftismar, domin ta haka ake samun mai tsaya maka. Wasu suka ce su 'yan ƙabilar Girkawan kudancin Albaniya ne, saboda waɗannan suna da takarda ta musamman. A Italiya uwa kan ja kunnen ɗanta kada ya yi yaren gida a cikin bas. Musulmin da ya karanta wannan zai ji zafi, ni ma na ji. Amma kafin a yi musu hukunci a tuna cewa waɗannan mutane sun taso ba su taɓa jin kiran salla ba, ba wanda ya koya musu Fatiha, sunan da suka bari a iyakar Girka ma sau da yawa jam'iyya ce ta zaɓa musu shi. Tun 1967 aka raba su da abin da za su riƙe.

Masu bincike sun lura da wani abu: Albaniyawa a Italiya ba su taru a unguwa guda ba, ba su kafa ƙungiyoyi da yawa kamar sauran baƙi ba. Sun warwatsu cikin ƙananan garuruwa, sun dogara da dangi na jini kawai. Wanda aka tilasta wa shiga ƙungiya duk rayuwarsa, ya kuma san maƙwabci na iya zama mai kai rahoto, ba zai yi saurin amincewa da taron 'yan ƙasarsu ba. Wannan ya sa suka narke cikin jama'a da sauri fiye da kowa, ya kuma sa kowa ya ɗauki kayansa shi kaɗai.

Shekarar 1997 da abin da ya biyo baya

Kuɗin da 'yan ci-rani ke aikowa shi ya riƙe ƙasar a waɗannan shekaru, kuma babban rabo daga cikinsa ya faɗa hannun kamfanonin damfara irin su VEFA da Gjallica da Populli, masu alkawarin riba mai kauri duk wata, irin abin da mutanenmu suka gani da MMM a 2016. Jama'ar da ba ta taɓa mu'amala da banki ba ta ɗauka haka jari-hujja take. Aka sayar da gidaje da shanu aka zuba. Da suka rushe a farkon 1997, kimanin dala biliyan 1.2 ta salwanta, aka fasa rumbunan makamai, gwamnati ta kasa riƙe kudancin ƙasar, kusan mutum 2,000 suka mutu. Wanda ya yi shekara biyar yana ɗaukar bulo a Atina ya wayi gari ba ko sisi. Aka sake rububin jirage. Ranar 28 ga Maris 1997 jirgin sojan ruwan Italiya mai suna Sibilla ya yi karo da wani ƙaramin jirgi, Kater i Rades, a ƙoƙarin tare shi, ya nutse da mutum sama da 80, da yawansu mata da yara.

Daga nan al'amura suka fara daidaita a hankali. Girka ta soma ba da takardun zama a 1998, Italiya ta yi afuwa ga marasa takarda a 1995 da 1998 da 2002, maza suka ɗauko iyalansu. Ƙidayar Girka ta 2001 ta nuna 'yan Albaniya kusan 440,000, fiye da rabin dukkan baƙin ƙasar. Leburan jiya suka zama 'yan kwangilar gini. Sai dai ƙyamar ba ta gushe nan da nan ba. A Girka al'ada ce ɗalibin da ya fi kowa maki ya riƙe tutar ƙasa a faretin 28 ga Oktoba. A 2000, a wani gari kusa da Tasalonika, yaron da ya zo na ɗaya ɗan Albaniya ne, iyayen sauran yara suka tayar da ƙura har ya haƙura. A 2003 ya sake zuwa na ɗaya, aka sake yin haka. A Italiya, a Fabrairun 2001, an kashe wata mata da ɗanta a garin Novi Ligure, 'yarta ta ce 'yan fashi ne, aka yi ta nuna Albaniyawa da yatsa a jaridu, kafin a gano ita da saurayinta ne suka aikata.

Gazmend Kapllani, wanda ya tsallaka Girka da ƙafa a Janairun 1991, ya yi leburanci da aikin girki da tsaron kes, ya yi digirin digirgir a Atina, ya zama marubuci a jaridar Ta Nea, yana rubuta littattafansa da Girkanci. Duk da haka Girka ba ta ba shi takardar ɗan ƙasa ba, a ƙarshe ya koma Amurka yana koyarwa. Ermal Meta kuwa, da ya isa Bari yana ɗan shekara 13, ya lashe gasar waƙa ta Sanremo a 2018, gasar da iyayen tsararsa suke kallo a ɓoye a bayan labule. Lea Ypi ta tafi karatu Roma bayan rikicin 1997, yanzu farfesa ce a Landan.

Da tattalin arzikin Girka ya karye daga 2009, fiye da mutum 130,000 suka koma Albaniya cikin shekara biyar, da 'ya'yan da Girkanci ya fi zama a bakinsu, waɗanda a Girka ana ce musu Albaniyawa, a Albaniya kuma ana ce musu Girkawa. A Disamban 2010 aka ɗage wa 'yan ƙasar bizar shiga yawancin ƙasashen Turai. A 2015 aka yi dokar buɗe fayilolin Sigurimi, mutane suka fara karanta sunayen waɗanda suka kai rahotonsu. Fita dai ba ta tsaya ba. A 2022 fiye da Albaniyawa 12,000 suka tsallaka ruwa daga Faransa zuwa Ingila a ƙananan kwale-kwale, akasarinsu samari ne da aka haifa bayan rushewar gurguzu. Ƙidayar 2023 ta samu mutum miliyan 2.4 a ƙasar, wato ta yi asarar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jama'arta tun 1989.

A Nuwamban 2023 firaministar Italiya Jojiya Meloni da takwaranta Edi Rama suka sa hannu a yarjejeniyar gina sansanoni biyu a Shenjin da Jader, a arewacin Albaniya, don tsare baƙin da Italiya ta tsamo daga Bahar Rum, hanyar da 'ya'yanmu masu bi ta Agadas da Libiya suka sani sarai. Rama ya ce bashin alheri ne ƙasarsa ke biyan Italiya. A Oktoban 2024 aka kai rukunin farko, mutum 16 'yan Bangaladash da Masar. Huɗu aka mayar nan take saboda ƙarancin shekaru ko rashin lafiya, sauran 12 kuma wata kotu a Roma ta ƙi amincewa da tsare su, aka ɗauke su zuwa Bari. A 2025 gwamnatin Italiya ta sauya doka, ta fara amfani da sansanin Jader wajen ajiye waɗanda aka riga aka yanke wa hukuncin kora.